Yadda Ake Naɗar Faifan Wasan Kai-Tsaye a Rangadin Ƙasar Waje: Jagora ga Makaɗan Kano

Mafi yawan waƙar da ke fita a Kano a sitidiyo ake dafa ta. Mutum ɗaya ya zauna gaban fiyano ya buga kiɗan, mawaƙi ya shiga ɗaki ya ɗora murya, inda ya yi tuntuɓe a yanke a sake. Faifan wasan kai-tsaye wani abu ne daban. Mai jita, mai bes, mai ganga da mawaƙi duk suna kan dandamali lokaci guda, jama'a na ihu a gabansu, kuma abin da ya faru ya faru. A kiɗan rok wannan shi ne gishirin abin, domin mai sayen irin wannan faifai zauren yake son ji da mutanen cikinsa. In waƙar kawai yake so, ai ta sitidiyo ta fi tsafta.

Wannan jagora na ƙungiyar da ta samu gayyatar zagayen wasa a waje ne, tana kuma son ta dawo gida da faifai a hannu. Mun ɗauka ku biyar ne zuwa bakwai, da jita biyu, bes, ganga, fiyano, wataƙila da kalangu.

Kada ku dogara da dare ɗaya

Wannan ne shawara ta farko, kuma ita ce ke yanke sauran kasafin kuɗi. Ƙungiyar Deep Purple ta Ingila ta naɗi faifanta Made in Japan a dare uku a jere, 15 da 16 ga Agustan 1972 a Osaka, sai 17 a Tokyo, da na'ura mai layi 8 kacal. Daga waƙoƙi bakwai da suka fito a faifan na asali, huɗu na dare na biyu ne. Haka abin yake zuwa sau da yawa: daren farko da gajiyar jirgi da fargaba, daren ƙarshe murya ta dishe. Ku naɗi aƙalla dare uku, in hali ya yi ku naɗi kowane dare, amma ku sa ran na tsakiya ne za su ba ku tuwon.

Don a iya ɗauko waƙa daga nan a haɗa da wata daga can, jerin waƙoƙin ya zama ɗaya kowane dare, makirufo iri ɗaya a wuri ɗaya. Mai ganga ya riƙe na'urar ƙidayar bugu a kunne ko a wayarsa, ko da a farkon waƙa ne kawai, saboda zumuɗi na sa a ruga.

Abin da za a gama a Kano kafin a nufi filin jirgi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kama zaure, ku kafa kaya kamar ranar wasa, ku buga jerin waƙoƙin daga farko har ƙarshe ba tsayawa, kuna naɗa. Ku yi haka sau uku a ranaku daban. Janareta ya yi nisa da zauren. Sannan ku zauna ku saurara tare, ba waya a hannun kowa. A nan ne za a gano cewa mai amshi na shiga kafin lokaci, ko jita ta biyu na danne muryar mawaƙi a baiti na uku. A nan ne kuma injiniyanku zai koyi kwamfutar da zai yi aiki da ita. Yaron sitidiyo da ya ƙware wajen ɗora murya ɗaya a kan kiɗan fiyano bai taɓa riƙe layi 24 a lokaci guda ba, kuma ba laifinsa ba ne. A ba shi dama ya yi kuskurensa a Titin Zoo, kada ya je ya yi shi a Faris.

Sai takardu biyu da za ku aika wa kowane zaure wata guda kafin zuwa. Ta farko zanen dandamali, inda kowa zai tsaya da inda ake son soket. Ta biyu jerin layuka. Ga misalin da ke cika 24 daidai: ganga 8, wato ta ƙafa, siniya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti da ke gaban mai bugu), farantan ƙafa, kurkutu uku da makirufo biyu a sama, bes 2, ɗaya ta akwatin DI (mai kai sautin kayan kiɗa kai-tsaye cikin miksa) ɗaya a gaban amfilifaya, jita 2, fiyano 2, kalangu 2, babbar murya 1, amshi 3, jama'a 4. A ƙasan takardar ku rubuta tambayoyi uku: wace irin miksa ce a zauren, tana fitar da kowane layi daban zuwa kwamfuta, kuma an yarda mu naɗa?

Tambayar ƙarshe ba ta wasa ba ce. Zaure da yawa a Turai da Amurka na cajin kuɗi daban in za a naɗi wasa don sayarwa, kuma in ba a rubuce yake ba, injiniyan gidan, wato na zauren, na iya hana ku jona ko waya ɗaya. A sa izinin a cikin yarjejeniyar wasan, a fayyace cewa naɗin mallakar ƙungiya ne. Ku ma a tsakaninku ku rubuta kason kowa tun kuna shiri, har da makaɗin da aka ɗauko haya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai wasa haƙƙi a kan naɗin wasansa, saboda haka “ai ɗan'uwa ne” ba hujja ba ce ranar da kuɗi ya shigo. In akwai waƙar wani a jerinku, sai da izinin mai ita kafin ta shiga faifai.

Biza kuma ta zama ta aiki. Amurka na da P-3 ga masu wasan da ya keɓanta da al'ada, da P-1B ga ƙungiyar da ta yi suna a duniya, kuma wanda ya gayyace ku ne zai shigar da buƙatar a can. Ana ɗaukar watanni, ku fara da wuri.

Wuta da kaya

Wutar Najeriya bolt 230 ce, filoginmu mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na Ingila. Faransa da Jamus ma 230 ne, sai dai soket ɗinsu mai zagayayyen rami, adafta kawai ake buƙata. Amurka 120 ce, Japan 100. Cajar kwamfuta yawanci tana ɗaukar 100 zuwa 240, amma amfilifayar jita da adaftar wasu fiyano ba sa ɗauka. Ku juya kowane kaya ku karanta abin da aka rubuta a bayansa. Kuma wanda ya sayo amfilifaya mai 120 a Amurka ya zo ya soka ta a bango a Kano ba taransfoma, hayaƙi zai gani.

Shawara mai sauƙi: kada ku ɗauki amfilifaya ko saitin ganga. A sa mai gayyata ya yi haya a can, ku rubuta samfurin da kuke so. Jaka a jirgi yawanci kilo 23 ce, kuɗin ƙari na iya cinye ribar dare guda. Ku ɗauki jita, fedal, kalangu, sandunan ganga, siniya in mai ganga ya nace, da makirufon da kuka saba da su. Makirufo marar waya ku bar shi a gida, domin kowace ƙasa da zangon da ta halatta. Batirin litiyom, har da fawa-bank, a jakar hannu ake sa shi, kuma wanda ya wuce 100Wh sai da izinin kamfanin jirgi. Ku rubuta jerin kayan da lambar jikin kowanne ku nuna wa kwastam a filin jirgin Malam Aminu Kano kafin fita, don kada a dawowa a ce sababbi ne.

Kalangu na da nasa halin. Fatar da ta saba da bushewar Kano tana saki in ta shiga ƙasa mai danshi, sautin ya mutu. Makaɗi ya tafi da kalangu biyu, da tsarkiya da sandar kiɗa na ko-ta-kwana, ya ajiye kalangun wuri mai ɗumi kafin wasa, amma kada a manna shi jikin hita. Jita kuma in an shigo da ita daga sanyi a bar ta a akwatinta kamar rabin awa kafin a buɗe. A canja tsirkiyoyi kwana ɗaya kafin naɗi, ba ranar ba, saboda sabuwa tana ta miƙewa.

Yadda sautin zai shiga kwamfuta

Nan ne gaɓar da faifai ke tsira ko ya lalace, don haka za mu ɗan zauna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓi layi biyu daga miksa, hagu da dama, a ce an naɗa. Injiniyan gida don zauren yake haɗa sauti. Ganga da amfilifayar jita suna da ƙara da kansu, sai ya rage su a miksa, ya ɗaga murya da fiyano. A zaure komai daidai. A naɗin kuwa za ka ji murya tsirara a sama, jita can ƙasa kamar daga maƙwabta, jama'a babu su sam. Irin wannan ba ya gyaruwa.

Abin da ake so shi ne kowane layi ya shiga daban. Hanya mafi arha ita ce ta miksar dijital. Behringer X32 da Midas M32, waɗanda ake yawan samu a matsakaitan zaure, suna tura layi 32 zuwa kwamfuta ta wayar USB guda. Miksar Yamaha irin CL da QL ta hanyar Dante suke turawa, da wayar netwok, kuma sai an sa manhajar Dante Virtual Soundcard a kwamfuta. Shi ya sa ake tambayar samfurin miksa tun daga gida: a sauke direba, wato manhajar da ke haɗa miksar da kwamfuta, a gwada, ba a tsaya neman intanet a bayan dandamali ba. Manhajar Reaper ta isa wannan aiki, ba ta da nauyi kuma ba ta cika tsayawa ba.

Ku roƙi a ɗauko muku sautin daga bakin shigarsa, kafin gyaran murya da kafin maɓallin ɗagawa da saukewa. Ta haka duk abin da injiniyan gida ya taɓa lokacin wasa ba zai shafe ku ba, sai abu ɗaya: maɓallin ƙarfin shiga, wanda suke kira gen. Shi kuna tarayya a kansa. In ya murɗa shi a tsakiyar waƙa, naɗinku ma ya motsa. Ku yi magana da shi da ladabi tun da rana, a daidaita gen a gwajin sauti a bar shi. Mutumin nan gidansa kuka zo, kuma ya fi ku sanin zauren. In kuɗi ya isa, a yi hayar akwatin raba layi mai taransfoma, kowane makirufo ya rabu biyu, ɗaya ga gida ɗaya gare ku. Ya fi tsada, ya fi kwanciyar hankali.

A naɗa a 48kHz da bit 24. Matsakaicin sauti ya tsaya wajen -18 a ma'aunin sauti, wanda sifili ne ƙololuwarsa, mafi ƙarfin bugu kada ya wuce -10 a gwaji, domin da jama'a sun cika kowa zai ƙara ƙarfi, musamman mai ganga da mawaƙi. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya. Wanda ya bugi sifili ya fashe, ya fashe ke nan.

Lissafin wuri: layi ɗaya na cin kusan megabait 520 a awa. Layi 24 na awa biyu kusan gigabait 25 ke nan, dare biyar 125. Ku sayi rumbun SSD biyu masu terabait ɗaya-ɗaya. Kada rumbun ya kasance a tsarin FAT32, wanda ba ya riƙe fayil da ya wuce gigabait 4. A kwamfutar a kashe intanet, a kashe barci, a kashe sabunta manhaja, a jona caja a manne ta da tef.

Sannan na'ura ta biyu da ba ta dogara da ta farko ba. Ƙaramar rakoda irin Zoom H6, da batir sabo, tana ɗaukar hagu da dama na miksa a layi biyu, makirufonta na kai kuma suna ɗaukar zaure. In kwamfuta ta tsaya a waƙa ta shida, wannan ce za ta fitar da ku kunya.

Makirufon jama'a

Biyu a gefen dandamali, hagu da dama, a ɗaga su sama da kan mutane kamar mita biyu da rabi, suna kallon tsakiyar zaure, a bayan layin manyan lasifiku don kada su sha kiɗan kai-tsaye. In aka sa su ƙasa, mutum ɗaya mai fito a sahun gaba shi za a ji har faifan ya ƙare. Sauran biyun a wajen miksa, su ne ke ɗauko girman zauren.

Na wajen miksa suna da matsala da dole a sani. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kowace mita na jinkirta shi kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa. In miksa na nesa da mita 20, bugun ganga zai iso can a makare da kusan kashi 58 cikin dubu na daƙiƙa. Aka haɗa haka, sai a ji kowane bugu sau biyu, ta-tam, ta-tam. Maganin a gwajin sauti yake: kowa ya yi shiru, mai ganga ya bugi siniya sau ɗaya, a naɗa. A sitidiyo sai a ja layukan baya har tsinin bugun ya hau kan na siniya.

Ranar wasa

A gwajin sauti injiniyanku ya sa hedifon mai rufe kunne ya bi layuka ɗaya bayan ɗaya, yana duba sunan kowanne. Layi 14 da aka rubuta wa “jita” alhali amshi ne ke ciki ya sha faruwa. In an ji gurnani mai zuuu a layin bes ko fiyano, yawanci kayan ne aka jona a soket mabambanta, wayar ƙasa ta yi zobe. A danna maɓallin ɗage atin, wato wayar ƙasan, da ke jikin akwatin DI, ko a mayar da kayan dandamali kan layin wuta ɗaya. Kada a karya ƙafar atin ta filogin amfilifaya kamar yadda wasu ke yi a gida. Mai jita da hannunsa ke kan tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirufo, shi wutar za ta bi.

Shure SM57 a gaban amfilifayar jita, kusa da ƙyallen, ɗan gefe da tsakiyar lasifika. Tsakiya sosai na ba da sauti mai tsini, gefe sosai na ba da mai duhu. Da an samu wurin, a yi alama da tef, a ɗauki hoto don daren gobe. Amfilifayar ta kalli gefe ko baya, kada ta kalli makirufon mawaƙi.

Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da kiɗa ya yi daɗi zai matse shi a hammata, ya juya wajen mai ganga, ya durƙusa, ya taso ya nufi bakin dandamali yana yi wa wani kirari, makirufon da aka kafa masa na can yana ɗaukar iska. A maƙala masa ƙaramin makirufo a jikin kalangun ko a maratayinsa, na tsaye ya zama ƙari. Kuma a gaya masa tun da rana, “Baba, duk inda za ka ka je, wayar nan dai kada ka taka ta.”

Lasifikun ƙasa da makaɗa ke jin kansu da su a rage su iya yadda za a jure. Duk abin da suka fitar yana komawa makirufon murya. Mawaƙi kuma kada ya dunƙule kan makirufo da tafinsa, wannan ne ke jawo ƙugi ya kuma toshe murya.

A danna naɗi minti goma kafin a hau, kada a tsayar sai minti biyar bayan an sauka. Hayaniyar jira da kiran a ƙara suna cikin abin da za a buƙata. Wani ya zauna da takarda yana rubuta lokacin kowace waƙa da abin da ya faru: tsirkiya ta tsinke, an manta baiti, wannan ta yi kyau ƙwarai. A daidaita jita tsakanin waƙoƙi da na'urar saita tsirkiya mai kashe sauti. Kafin a kwanta a kwafe naɗin a rumbu na biyu, a buɗe fayil biyu ko uku a tabbatar suna kunnuwa, rumbunan kuma su kwana a jakar mutum biyu daban, su hau jirgi a jakar hannu.

Bayan an dawo Kano

Ku huta mako biyu kafin ku saurara. Sannan ku zaɓi waƙoƙi da kunne, ba da tunanin daren da aka fi tafi ba. Wadda aka yi ɗan kuskure amma tana da rai ta fi wadda aka buga daidai a sanyaye.

Za a so a sake ɗora murya inda mawaƙi ya kauce. Ku sani tsohuwar muryar na nan a makirufon saman ganga da na jama'a, don haka sabuwar za ta riƙa tafiya da inuwar tsohuwa a bayanta. Bes da fiyano da suka shiga ta DI su ne ke gyaruwa ba tare da an gane ba. Murya kuwa gara a ɗauko baitin daga wani dare in gudun ya yi daidai. Otocun a sa shi kaɗan ko a bar shi, domin yana gyara layi ɗaya ne, zauren kuma na rera abin da ya ji.

Wajen haɗawa a fara da makirufon saman ganga da na jama'a, a ji zauren tukuna, sannan a shigo da sauran. A yanke ƙasan sauti daga wajen 100Hz a layukan murya da na jama'a don rage ruri. A ɗaga jama'a tsakanin waƙoƙi da inda suke amshi, a sauke su a hankali in kiɗa ya kankama, amma kada a kashe su gaba ɗaya, kunne na gane ramin nan take. Inda aka haɗa dare biyu, a saƙa tafin wannan cikin na wancan na daƙiƙa uku zuwa biyar. Kwamfutar ta kasance kan inbata, don ɗaukewar wuta ana tsakar ajiya na lalata fayil.

A saurari haɗin a lasifika ɗaya, ba biyu ba. Yawancin masu jin ku a Kano da waya za su ji, ko ƙaramar MP ta mai shayi, ko lasifikar adaidaita sahu. In siniya ko jita ta ɓace a lasifika ɗaya, layuka biyu ne ke cin juna, a juya fuskar ɗaya ko a sake daidaita lokacinsu. Kuma kada haɗin gwaji ya fita ta WhatsApp ko ga amini, in ba haka ba za ku tarar da shi wurin masu tura waƙa a Farm Centre kafin ku sa masa suna.

A matakin ƙarshe kada a matse sautin. Spotify na daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa, saboda haka wanda ya matse don ya fi kowa ƙara za a sauke shi ne, ya yi asarar bugun ganga a banza. Tsinin sauti ya tsaya a -1. In za a buga CD, a sauke zuwa 44.1kHz da bit 16, kuma kada a wuce minti 79. A cire tazarar shiru tsakanin waƙoƙi, jawabin gabatar da waƙa ya zauna a wutsiyar wadda ta gabace ta, don wanda ya danna lamba ta biyar ya faɗa cikin kiɗa kai-tsaye. Kowace waƙa na buƙatar sabuwar lambar ISRC, wato lambar shaidar naɗi, daban da ta sigar sitidiyo, kamfanin rarrabawa ne ke bayarwa lokacin ɗorawa a Audiomack, Boomplay da sauransu. Kafin a sake shi a gari ku tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano kan ƙa'idarta. A bangon faifan a rubuta gari, zaure da ranar da aka naɗi kowace waƙa, da sunan injiniyan gidan da ya bar gen ɗinsa inda kuka roƙa.